Da gaske ne kanumfari da ganyen darbejiya na hana fumfuna mai guba a hatsi?

Mai Sito ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah ina da tambaya da ta daɗe tana cina a rai, na san ba za a rasa masana a nan ba. Ni ina ajiye masara da gyaɗa bayan kaka, wani mu ci a gida wani in fitar in lokaci ya yi, toh a ajiyar da ta wuce sai na gamu da abin da ya tayar min da hankali, na zo buɗe buhunan da ke jingine da bango sai na tarar masarar ta cure waje ɗaya ta yi wani kore-kore mai sirkin ruwan ɗorawa kamar an barbaɗa mata hoda, ga wani wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Gyaɗar kuwa a ido lafiyarta lau, amma kana cikin ci sai ka tauna wata ɗaci ya cika ma baki. Buhu 6 na ware gefe har yanzu suna nan na rasa yadda zan yi da su, zubarwa akwai ciwo wallahi, gumin shekara guda ne.

Ɗan yayata da ke karatu shi ne ya ce min kar in kuskura a ci, wai wannan fumfunar tana fitar da guba mai taɓa hanta. Shi ne kuma ya ce ya taɓa karantawa ana amfani da abubuwan da ake tatsowa daga tsirrai irin su kanumfari da kirfa da tafarnuwa da ganyen darbejiya wajen hana ta fitowa. Ni kuma gaskiya maganar ta kwanta min a rai dan na tsani jefa ƙwayar maganin nan a cikin abin da yarana za su ci. Toh da gaske ne abin yana yi? In yana yi gari ake zubawa ko jiƙawa ake a yayyafa ruwan, ko man ake nema? Nawa ake sa wa buhu ɗaya? Sannan wanda ya riga ya yi fumfunar, in na wanke shi da ruwan kanumfari na shanya ya bushe, zai ciwu? Allah ya saka da alheri.

Malamar Kimiyyar Abinci ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya mayar da alheri. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe dan ita ce ta fi gaggawa. Buhunan nan 6 babu kanumfarin da zai gyara su, babu tafarnuwa babu darbejiya. Dalili kuwa abu biyu ne a cikin buhun nan, akwai fumfunar ita kanta wacce halitta ce mai rai, akwai kuma gubar da ta riga ta zuba cikin ƙwayar hatsin. Fumfunar ana iya kashe ta, gubar kuwa ba rai gare ta ba balle a kashe, tana nan daram ko an wanke ko an shanya ko an dafa. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, ita kuwa sai zafi ya haura digiri 230 take fara lalacewa, ka ga tukunya ba ta isa wajen ba.

Wannan kore mai sirkin ruwan ɗorawa da ka kwatanta ya yi kama sosai da wacce ake ce ma Aspergillus flavus, ita da yar uwarta Aspergillus parasiticus su ke fitar da gubar da ake kira aflatoksin. Duniya ba ta san da gubar nan ba sai a 1960, lokacin da talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila aka rasa gane dalili, da aka bi diddigi sai aka gano tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Brazil aka haɗa musu abinci da ita. Kuma ba dabbobi kaɗai ba, a 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta saboda masarar da aka ajiye da danshi, 125 daga cikinsu suka rasu, yawanci abincin da suka noma da hannunsu ne. Wancan kenan in an ci da yawa lokaci ɗaya, ido ya yi shawara ciki ya kumbura hanta ta tsaya. Wanda ya fi ba ni tsoro ni shi ne ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru mutum bai ji komai ba, dan hukumar binciken cutar kansa ta duniya da ke Faransa ta sa aflatoksin a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo ma ɗan adam cutar kansa, ita kuwa kansar hanta take jawowa, kuma in mutum dama yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B haɗarin ninkuwa yake sosai. Dan ka gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai, Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce maikurogiram 4 a kilo ɗaya, wato kamar giram 1 ne a cikin tan 250. Amurka ta tsaya a 20. Shi ya sa ido ba ya gani, gyaɗa na iya zama fes kuma da guba a ciki.

Toh yanzu maganar tsirrai. Ɗan yayarka bai yi ƙarya ba, abin gaskiya ne kuma an daɗe ana bincike a kai. Man kanumfari mafi yawansa wani sinadari ne da ake kira yujinol, shi ne mai sa harshe ya mutu in ka tauna, kirfa tana da nata, tafarnuwa tana fitar da alisin in an daka ta, ciyawar nan mai ƙamshin lemon tsami tana da sitiral, taim yana da taimol. Waɗannan duk abin da tsiron ke kare kansa da su ne daga ƙwari da cuta. Yadda suke aiki, jikinsu na son maiƙo, ita kuma fumfuna fatar da ta lulluɓe ƙwayar halittarta da maiƙo aka yi ta, sai su kutsa ciki su huhhuje ta abin da ke ciki ya tsiyaye. Wasu kuma ba sa ma kashe ta, sai dai su danne wajen da ke ba da umarnin haɗa gubar, ta ci gaba da girma amma gubar ta ragu. In ka zuba ɗigon man kanumfari ko na kirfa a farantin gwaji ka dasa fumfuna a gefe za ka ga da idonka ta tsaya ta ƙi matsowa, na yi wannan da hannuna ba sau ɗaya ba, abin gwanin sha'awa.

Matsalar ita ce faranti daban buhu daban. A faranti komai a lissafe yake, ɗan waje ne a rufe, kwana 7 ko 10 an gama. A buhu kuwa kilo 100 kake magana kuma wata 6 ko 8 kake so ya yi. Man nan masu ƙamshi tashi suke bi iska, ƙamshin da kake ji ai man ne ke guduwa, bayan yan makonni saura kaɗan. Sannan maiƙon gyaɗa da na masara yana shanye su ya riƙe, ba su kai ga fumfunar ba, dan haka adadin da ya yi aiki a faranti sai an ninka shi sau da yawa a abinci na gaske, in aka kai wannan adadin kuma ɗanɗanon abincin ya canza babu mai iya ci. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, a wasu gwaje-gwajen in aka sa ɗan kaɗan wanda bai isa ya kashe ta ba sai fumfunar ta ji an takura mata ta ƙara yawan gubar. Shi ya sa ba zan iya ce ma zuba cokali kaza a buhu ba, duk wanda ya ba ka wannan lissafin a matsayin tabbas ka tambaye shi a ina aka auna gubar bayan an yi.

Jiƙawa a yayyafa kuwa dan Allah kar ka fara. Ruwa shi ne ran fumfuna, ka zuba ma busasshen hatsi ruwa da sunan magani ka buɗe mata ƙofa ne da kanka.

Mai Kaji ya rubuta:

Malam Mai Sito dan girman Allah kar ka ce bari in ba kaji ko dabbobi dan kar a yi asara, ni na yi wannan kuskuren. Na taɓa samun masara mai ɗan wari na ce ai kaji ne ba sa zaɓe, na niƙa na haɗa musu, sati 2 ba a yi ba cin abinci ya ragu, ƙwai ya ja baya, ɓawon ƙwan ya yi laushi, sai mutuwa ɗaya-ɗaya. Likitan dabbobi da ya buɗe guda biyu ya nuna min hantar ta kumbura ta yi fari-fari tana marmashewa a hannu, ya ce abincin ne. Agwagi ma sun fi kaji saurin faɗuwa, ƙananan nan kwana kaɗan suke yi. Kuma ya gaya min saniya ko akuya in ta ci abin yana fitowa a nono, wai jikinta na ɗan juya gubar ta koma wani nau'i da suke ce ma M1, tafasa nonon kuma ba ya fitar da shi, ka ga ya zagayo ya dawo kan yara kenan.

Mu a harkar abincin kaji akwai wani gari da ake haɗawa, asalinsa yumɓu ne irin bentonait, yana kama gubar a cikin hanji ta fita da kashi kafin ta shiga jini. Yana taimakawa amma shi ma an yi shi ne dan abinci mai ɗan gurɓata kaɗan, ba dan wanda ya yi kore ya cure ba. Kuma na dabbobi ne, kar wani ya karanta ya je ya zuba a abincin gida.

Ni ma na gwada garin tafarnuwa da citta a abincinsu wata biyu, ban ga ya hana komai ba lokacin da iska ta yi danshi, abincin da ya kwana 10 a sito ya fara ɗumi yana curewa kamar kullum. Abin da ya gyara min shi ne na daina haɗa da yawa, na mako ɗaya kawai nake yi.

Baba Manomi ya rubuta:

Malama na ji bayaninki kuma na ƙaru, Allah ya ƙara ilimi. Amma yata kar a rena darbejiya. Ni na haura shekara 40 ina ajiye hatsi, busasshen ganyenta nake shimfiɗawa a ƙasa in jera hatsi in ƙara ganye a sama, kuma hatsina yana kaiwa wata damina lafiya, maƙwabcina da ba ya sa wa nasa ya sha zama gari tun kafin rani ya raba. Wannan ba a littafi na karanta ba, idona ne ya gani. Ku yan boko wani lokaci in abu bai fito daga ɗakin gwajinku ba sai ku ce babu shi, alhali mutane sun daɗe suna rayuwa da shi. In ba ya aiki me ya sa nawa ke tsira?

Malamar Kimiyyar Abinci ta rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ban rena ba, kuma abin da idonka ya gani gaskiya ne. Ka lura da kalmar da ka yi amfani da ita, ka ce na maƙwabcinka ya zama gari. Wannan aikin ƙwari ne. Darbejiya tana da wani sinadari, azadiraktin, wanda ke hana ƙwaro cin abinci ya kuma hana tsutsarsa girma, a ƙwallon ya fi yawa amma ganyen ma yana korar su. Kuma nan ne amfaninta ga maganarmu yake, dan ƙwaro shi ne babban ɗan aiken fumfuna, shi ke huda ƙwayar hatsi ya buɗe hanya, ya kwaso irin fumfunar a jikinsa daga buhu zuwa buhu, numfashinsa kuma ya tara ɗumi da danshi a tsakiyar buhu. Duk abin da ya rage ƙwari ya rage ma fumfuna hanya. Sannan Baba na tabbata mutumin da zai tsaya ya busar da ganye ya jera shi hawa-hawa ba zai kai hatsi rumbu da danshi ba, hannunka ne ya yi rabin aikin.

A kan fumfunar kai tsaye ma an gwada ta. A 1988 wasu masu bincike a Amurka sun zuba ruwan ganyen darbejiya a kwalbar da suke renon Aspergillus parasiticus, abin mamaki fumfunar ta ci gaba da girma abinta amma gubar da take fitarwa ta ragu ƙwarai da gaske. Sai dai da aka koma gwada shi a jikin audugar da fumfuna ta kama, ragin da aka samu kaɗan ne, bai kama ƙafar na kwalba ba. Abin da nake ta faɗa kenan.

Abu biyu zan roƙa. Ganye dai busasshe ƙarau, ɗanye yana kawo danshi. Man darbejiya kuwa kar a shafa shi a abin da za a ci, an samu ƙananan yara a Indiya da Malesiya da suka shiga mummunan hali, amai da farfaɗiya, bayan an ba su shi. Shi ma man kanumfari tsantsa in yaro ya sha yana lalata hanta, kirfa irin ta Sin mai kaurin ɓawo tana da wani sinadari, kumarin, wanda yawansa ke wahalar da hanta. Kasancewar abu daga tsiro ya fito ba ya nufin ba shi da iyaka. Kuma abin da zai ba ku mamaki, su kansu kayan ƙamshin suna kamuwa, busasshen barkono da citta da kurkum suna cikin abubuwan da aka fi samun aflatoksin a jikinsu in ba a busar da su da kyau ba, har Turai ta yi musu tasu iyakar daban. Ka ga mutum na iya sayo garin da zai kare hatsi ashe shi ya kawo cutar.

Inda nake ganin tsirran nan za su yi rana a gaba shi ne ta hanyar tururinsu a cikin abu rufaffe. Masu bincike yanzu suna ɗaure man a cikin wasu ƙananan ƙwayoyi, misali da kaitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande, dan ya riƙa fita a hankali maimakon ya tashi lokaci ɗaya, ko a sa shi a ɗan ƙunshi a jefa cikin leda ba tare da ya taɓa abincin ba. A Japan an daɗe ana sa wata yar takarda mai sinadarin wasabi da mastad, wasu tsirrai masu yaji, a cikin kwalin abinci dan ya jinkirta lalacewa. Ga burodi da 'ya'yan itace da abin da ake ajiyewa kwanaki wannan yana da ma'ana sosai. Ga buhun masara na wata 8 har yanzu aikin bai nuna ba.

Mai Sito ya rubuta:

Na gode Malama, na gode Baba, Mai Kaji wallahi kamar ka shiga zuciyata dan niyyata kenan in ba awaki, Allah ya sa na tambaya. Toh yanzu in na fahimta ganyen darbejiya zan iya sawa dan ƙwari amma kar in dogara da shi. Sai dai ni abin da ya ɗaure min kai, masarar nan na shanya ta kwana 4 kuma da na taɓa na ji ta bushe, ta ina ruwan ya shiga? Kuma me ya sa na jikin bango kawai suka lalace na tsakiya ba su yi ba? Kaka ta kusa ina tsoron a maimaita.

Malamin Gona ya rubuta:

Malam Mai Sito hannu yana ruɗi. Masara na iya bushewa a baya cikinta da sauran ruwa, kana ɗurawa a buhu sai ruwan ciki ya fito ya rarrabu. Ana so danshin masara ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ko ƙasa, ɓararriyar gyaɗa kuwa wajen kashi 7, dan ita mai gare ta. In babu na'urar awo ga dabara mai sauƙi, ka samu kwalba busasshiya mai murfi, ka zuba hatsin kamar kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara cokali 2 na gishirin da ka shanya ko ka ɗan soya ya bushe sosai, ka rufe ka girgiza minti ɗaya ka ajiye kamar kwata na awa ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar hatsin bai bushe ba a koma shanya, in yana zuba warwar toh ka kusa. Kuma shanya a kan tamfol ko siminti, ba a ƙasa ba, dan ita wannan fumfunar a cikin ƙasa take zaune, nan ne gidanta. Da yamma a kwashe kar raɓa ta sauka a kai.

Na jikin bango kuwa bangon ne ya ba su ruwa. Da rana ya ɗau zafi da dare ya huce, sai ya yi gumi, buhun da ke manne da shi ya tsotse, haka ma daɓe yake yi daga ƙasa. Ka ɗora buhu a kan katako ya tashi daga ƙasa, ka bar tazarar da mutum zai iya ratsawa tsakaninsa da bango, iska ta samu hanya, ka duba rufi ko yana yoyo. Fumfunar nan zafi da danshi take so, wajen digiri 28 zuwa 35 nan ne take sakewa, zafin ba ka da iko da shi amma danshin yana hannunka.

Tunda ba ka son ƙwayar magani, kuma dama ita ta ƙwari ce ba ta fumfuna ba, ka nemi buhun nan mai hawa uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, ana ce masa PICS, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye wacce ta rage su mutu, danshin waje ma ba ya kaiwa ga hatsin. Amma sharaɗinsa ɗaya, busasshe za ka zuba, in ka rufe mai danshi a ciki ka dafa shi ne kawai. Kuma a kula da ɓera, huji ɗaya ya ɓata aikin.

Kafin ɗurawa a zauna a tsince. Gubar nan ba a ko'ina take daidai ba, taruwa take a yan ƙwayoyi kaɗan, waɗanda suka fashe, masu huji, waɗanda suka motse ko suka canza launi, ƙwaya ɗaya na iya ɗaukar abin da zai ɓata awon buhu guda. An yi wani aiki a ƙauyukan Gini da aka buga a 2005, ba a ba manoman gyaɗa wani magani na fumfuna ba, tsincewa ce da shanya a tabarma da buhun da ke shan iska da katakon ɗorawa da ɗan maganin ƙwari a daɓen sito, da aka auna jinin mutanen bayan watanni sai aka ga alamar gubar ba ta kai rabin ta ƙauyukan da ba su yi ba.

Wani abin kuma tun daga gona yake farawa, musamman in fari ya kama shuka lokacin da take zuba ido ko tsutsa ta huda zangarniya. Dan wannan akwai Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA ta haɗa tare da ma'aikatar noma ta Amurka. Ba daga tsiro aka tatso shi ba, ita fumfunar ce dai Aspergillus flavus amma irin da ba ya iya yin guba, an shafa ta a jikin dawar da aka gasa dan kar ta tsiro, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya mako 2 zuwa 3 kafin fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama waje, kuma tana bin amfanin har cikin sito.

Uwar Yara ta rubuta:

Malama dan Allah ni tawa ta kicin ce. Burodi ko wani abu in ya yi fumfuna a gefe ɗaya na saba yanke wajen mu ci sauran, kuma ina jefa kanumfari a robar gari dan na ji ana cewa yana karewa. In daina ne?

Malamar Kimiyyar Abinci ta rubuta:

Yar uwa burodi kam a daina, abin da kike gani a sama kan fumfunar ne kawai, saiwarta siririya ta riga ta ratsa ciki tunda abu ne mai laushi, haka tumatir da duk wani abu mai ruwa-ruwa. Tuffa ma in ta ruɓe a gefe akwai wata gubar daban da ake ce ma fatulin, kar a matse irinta a ba yara. Kanumfari a robar gari ba laifi ki ci gaba, roba rufaffiya ce ƙarama ƙamshin yana zama a ciki kuma yana ɗan korar ƙwari, amma ki tabbata garin ya huce ya sha iska bayan niƙa kafin ki rufe, dan yana fitowa daga inji da zafi in aka rufe shi haka gumi yake, kuma cokali mai ruwa kar ya shiga. Ki niƙa daidai na sati 2 ko 3.

Malam Mai Sito buhunan nan 6 kuma, ka ɗaure hanci da baki da ƙyalle kafin ka taɓa su dan ƙurar koren nan tana shiga huhu, kar yara ko mai asma su tsaya kusa. Ka fitar da su ka ƙona ko ka haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya ka binne inda dabba ba za ta tono ba, buhunan ma kar a sake zuba abinci a ciki. Ka share siton tas ka bar shi a buɗe ya sha rana da iska kafin sabon amfani ya shigo. Gyaɗar da ka ce tana ɗaci ita ma a ajiye cinta, in akwai inda ake awon aflatoksin kusa da kai ka ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan kowane buhu ka haɗa ka kai, akwai ɗan tsinken gwaji da ke nuna sakamako cikin mintuna.

Mai Sito ya rubuta:

Toh Alhamdulillah. Gobe in Allah ya kai mu zan fitar da su, na riga na yi ma mai katako magana. Baba in na tashi busar da ganyen a inuwa ake yi ko a rana?

Baba Manomi ya rubuta:

A inuwa ɗana, inda iska ke kaɗawa, rana tana cinye ɗacin. Sai ka murza ka ji yana karyewa ƙaras-ƙaras sannan ka kwashe.